Hadayar Ɗan Adam a Littafi Mai Tsarki da Mas'alar Adalcin Ubangiji: Nazari daga Ƙasar Funtua da Malumfashi

Tsakure

Maƙalar nan ta bi nassosin Littafi Mai Tsarki waɗanda suka ambaci yanka ɗan Adam domin ibada, ta kuma gwama su da Alƙur'ani da fiƙihun Malikiyya. Abin da ta tabbatar shi ne, shubuhar da ake kawowa game da alherin Ubangiji tana tasowa ne daga cakuɗa abubuwa uku mabambanta, wato umurni, da bakance, da hani.

Gabatarwa

A ƙasar Funtua da Malumfashi da Kafur, inda Musulmi manoma suke maƙwabtaka da Maguzawa da kuma Hausawa Kirista waɗanda kakannin da yawa daga cikinsu Maguzawa ne, ƙissar Annabi Ibrahim ba baƙuwa ba ce ga kowa, domin wasu suna jin ta a huɗubar Babbar Salla, wasu kuwa suna karanta ta a Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. Yanka ma daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa: Tarihin Kano ya ambaci baƙaƙen karnuka da kaji da bunsuraye da ake kai wa Tsumburbura a zamanin Barbushe, haka kuma Joseph Greenberg ya bayyana yankan dabbobi da Maguzawa suke yi wa iskoki a littafinsa na 1946. Tambayar ita ce, ta yaya Ubangiji mai jinƙai zai nemi jinin ɗa daga hannun mahaifinsa?

Umurni

Littafin Farawa, sura 22, ya nuna an umurci Ibrahim ya miƙa Ishaku a ƙasar Moriya, sa'an nan aka tsai da hannunsa aka ba shi rago. Suratus Saffati, aya 102 zuwa 107, ta kawo ƙissar ba tare da sunan ɗan ba, shi ya sa Ɗabari ya rinjayar da Is'haƙu, Ibn Kasir kuwa ya tsaya a kan Isma'ila, wanda shi ne mashhurin zance a wurin malamanmu. Masanin falsafa Kant, a 1798, ya ga cewa ya kamata Ibrahim ya yi shakkar muryar da ta umurce shi, alhali Kierkegaard, a 1843, ya ɗauki biyayyarsa a matsayin ƙololuwar imani. Tun kafin su, Ash'ariyya sun kafa hujja da ƙissar a kan halaccin shafe hukunci kafin a aikata shi, Mu'utazila kuwa suka ƙi, domin a wurinsu hankali yana gane kyakkyawa da mummuna, Allah kuma ba ya umurni da mummuna. Duk da wannan saɓani, littattafan biyu sun haɗu a kan cewa jinin ɗan bai zuba ba, kuma fansa ce ta zama sunna.

Bakance

Inda jini ya zuba kuwa, ba Ubangiji ne ya nema ba. Littafin Mahukunta, sura 11, ya ba da labarin Yefta, wanda ya yi bakance cewa in ya ci Ammonawa da yaƙi zai miƙa duk abin da ya fara fitowa daga gidansa ya tarye shi, sai ga 'yarsa tilo, ya ba ta wata biyu ta yi makoki, sa'an nan ya cika alkawarinsa. Siratu Ibn Hisham ta kawo makamancin haka a kan Abdulmuɗɗalibi, amma shi ya fanshi ɗansa Abdullahi da raƙuma 100. A cikin Muwaɗɗa, da wata mace ta yi bakancen yanka ɗanta, Ibn Abbas hana ta ya yi, ya umurce ta da kaffarar rantsuwa. Lalle ne wannan fatawa ta warware abin da ya shige wa Yefta duhu, domin bakancen saɓo ba ya ɗaure mai shi.

Hani

Littafin Firistoci 18:21 da Maimaitawar Shari'a 12:31 sun haramta ƙona 'ya'ya, Irmiya 7:31 ya la'anci abin da ake yi a Tofet cikin Kwarin Hinnom, Sarki Yosiya kuma ya ƙazantar da wurin domin kada a sake. Nassi mai wuya shi ne Ezekiyel 20:25-26, wanda zahirinsa ya jingina munanan dokoki ga Ubangiji, sai dai masu tafsiri da yawa sun ɗauke shi a matsayin uƙuba, wato an bar masu taurin kai da zaɓinsu. Suratul An'ami, aya 137, ta jingina ƙawata kisan 'ya'ya ga abokan tarayyar mushirikai.

Kammalawa

Wanda ya rarrabe waɗannan uku zai ga cewa umurnin ya ƙare da fansa, bakancen kuskuren ɗan Adam ne, hanin kuwa shi ne hukunci tabbatacce. Ragowar tambayar, wato hikimar jarraba bawa da abin da ba a nufi aukuwarsa ba, tana nan a fagen ilmin tauhidi. Amma ta fuskar aiki, malami da fasto a ƙasar nan suna da hujja ɗaya a kan duk matsafin da ya nemi jinin mutum da sunan neman arziki ko mulki, domin babu ɗaya daga littattafan biyu da ya bar masa mafaka.