Baƙon da Ya Cinye Masu Gida

A wajenmu giwan ruwa ɗan gida ne. Yana cikin kogin Kwara da tabkin Cadi tun kaka da kakanni, da shi ma ake cin gasar kamun kifi a Argungu. Amma a tabkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kai shi aka yi.

A shekarun 1950, zamanin mulkin Ingila, aka zuba shi. Tabkin cike yake da ƙananan kifaye dangin karfasa, wajen iri 500, waɗanda mahukunta ke ganin ba su da kasuwa. Lissafinsu shi ne babba ya cinye ƙanana, a sayar da babba. Ya yi fiye da shekara ashirin bai nuna kansa ba. A shekarun 1980 sai ya mamaye ko'ina, ga shi kifi ne da kan kai kilo 200. Kafin a farga, wajen iri 200 sun ɓace, gurɓacewar ruwa kuma ta ƙara musu.

Kuɗi kam sun shigo: masana'antu a Mwanza na yanka shi ana kai Turai. To amma ƙananan nan su ne talaka ke shanyawa a rana ya sa a miya. Giwan ruwa mai gare shi, sai an yi banda, sai aka far wa itace. Mu ƴan Agye da Gazawa, da iyayenmu suka raini gawo a gonaki bayan farin 1984, mun san darajar itace.

Ni da nake karatun harshe, abin da ya fi tsaya mini shi ne suna. Kifi in ya ɓace, sunansa kan bi shi. A nan gida ba maharbin kifi ne ya rage mana ruwa ba, fari ne da madatsar Jibiya. Gulbin Kaba ya zama kwari, Gulbin Maradi da ke ratsa Gidan Rumji sai da damina. Yaro ya san tarwaɗa da karfasa, amma tambaye shi gaiwa, wadda ke kwana cikin laka duk rani, ko kurungu, ko minjirya.

Yau ana zuba kifi a tabkunanmu, abu ne mai kyau. Sai dai kafin a zuba, a tambaya: me yake ci, wa zai tarar a ciki? Mu kuma ɗalibai, in an koma gida hutu, a zauna da tsofaffin masunta a rubuta sunayen nan tun da sauran masu faɗa.