Tarihin Jirgin Concorde da Ƙarshen Tafiyar da Ta Fi Sauti Gudu

Ran 24 ga watan Oktoba na 2003 jiragen Concorde uku suka sauka bi da bi a filin Heathrow na Landan, daga nan kuwa ba a sake ɗaukar fasinja mai biyan kuɗi cikin jirgin da ya fi sauti gudu ba har wa yau. Jama'a da yawa sun ɗora alhakin wannan a kan haɗarin da ya auku kusa da Faris cikin 2000. Amma wanda ya bi labarin tun daga tushe zai ga an yanke wa jirgin nan hukunci shekara talatin kafin ranar, tun bai fara aiki ba.

Sauti yana tafiya kimanin mil 760 cikin awa guda a doron ƙasa, yakan ragu kaɗan can sama inda iska ta ke da sanyi. Cikin 1947 wani sojan sama na Amurka, Chuck Yeager, ya fara ƙetare wannan iyaka. Da ya ke tun zamanin jirgin ƙasa kowace tsara takan ga tafiya ta fi ta iyayenta sauri, sai manyan ƙasashe suka ɗauka lalle jirgin fasinja ma can ya nufa. Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya ran 29 ga Nuwamba 1962, za su haɗa dukiya da gwaninta su ƙera shi. Sunan da aka ba shi ma'anarsa jituwa, ko da ya ke sai da aka yi ja-in-ja a kan harafin ƙarshe, domin Faransawa da "e" su ke rubuta kalmar, Ingilishi kuwa babu; cikin 1967 minista Tony Benn ya yarda a bi rubutun Faransa. Rasha ta riga su tashi da nata, Tu-144, ran 31 ga Disamba 1968. Concorde ya tashi daga Toulouse ran 2 ga Maris 1969.

Game da gwanintar ƙira, babu gardama. Jirgin yakan yi ninkin gudun sauti, watau wajen mil 1,350 cikin awa, yana bisa kamar ƙafa 60,000, inda fasinja kan hangi lanƙwasar duniya ta taga. Gogayya da iska kan sa jikinsa ya yi zafi har ya ƙara tsawo kamar taƙi guda, in ya sauka ya huce ya koma yadda ya ke. Ran 30 ga Yuni 1973 masanan taurari suka shiga na gwaji daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar husufin rana ta bisa Sahara, har sararin Nijar, suka zauna cikin duhun husufin minti 74 kafin su sauka a babban birnin Cadi. Wanda ya ke tsaye a ƙasa ba ya samun fiye da minti bakwai da 'yan kai.

To, amma cikin wannan shekara ta 1973 aka sare masa gwiwa. Jirgin da ya wuce sauti yana jan wata irin tsawa a bayansa duk tsawon hanya, tana faɗowa kan kowane gari da ya ratsa. Cikin 1964 gwamnatin Amurka ta jarraba wannan a kan mutanen birnin Oklahoma wata shida, kullum sau takwas, aka yi ta kai kukan fasassun tagogi da tsagaggun bangaye. Majalisarsu ta janye kuɗin nasu jirgin, Boeing 2707, cikin 1971, sa'an nan cikin 1973 aka hana jirgin farar hula wuce sauti bisa ƙasarsu. Waɗansu ƙasashe ma suka rufe sararinsu. Sai ya zamana Concorde ba shi da filin sukuwa in ba bisa teku ba, man da ya ke iya ɗauka kuwa yakan ƙetar da shi Atilantika, ba ya kai shi ƙetaren Fasifik. A watan Janairu na shekarar kamfanonin Pan Am da TWA suka fasa saye, saura suka bi sahu. Kafin shekara ta fita yaƙin Oktoba ya sa kuɗin mai ya ninka wajen sau huɗu, ga shi kuwa jirgin ɗan shan mai ne na ƙin ƙari. Aka ƙare da ƙera 20 kacal, 14 suka yi aikin fasinja, bakwai a hannun British Airways, bakwai a hannun Air France, duka biyu kamfanonin gwamnatocin da suka ƙera shi ne a lokacin. Kuɗin ƙirar, wanda ya haura fam miliyan dubu, talakawa masu biyan haraji suka ɗauke shi, mafi yawansu ko ƙofar jirgin ba su taɓa gani ba.

Wani abu da ya kamata a ajiye kusa da wannan shi ne, makonni uku kafin tashin Concorde na farko, ran 9 ga Fabrairu 1969, Boeing 747 ya yi nasa tashin. Bai fi jiragen da suka gabace shi gudu ba sai kaɗan, amma yana ɗaukar mutum fiye da 350, Concorde kuwa 100. Kamfanoni suka auna, suka ga abin da matafiyi ya fi nema shi ne kuɗin kujera ya sauka, ko da zai ƙara awa huɗu a zaune. An ƙera 747 fiye da 1,500. Shi da ire-irensa suka sa ɗan makaranta da ɗan kasuwa da maniyyaci suka iya hawa jirgi.

Duk da haka Concorde ya yi aiki shekara 27. Ya fara ran 21 ga Janairu 1976, ɗaya daga Landan zuwa Baharain, ɗaya daga Faris zuwa Rio ta hanyar Dakar. Bayan doguwar shari'a a kan ƙararsa aka bar shi ya sauka Niyok cikin Nuwamba 1977, nan kuwa ya sami kasuwarsa. Tafiyar awa bakwai ko takwas ta koma uku da rabi, har wanda ya bar Landan ƙarfe 10 da rabi na safe yakan isa kafin ƙarfe 10 na agogon can. Na Rasha bai yi rabin wannan sa'a ba, fasinja ya ɗauka daga Nuwamba 1977 zuwa Yuni 1978 kawai. British Airways kuwa ta gane masu hawa manyan attajirai ne da shugabannin kamfanoni waɗanda ba su ma san kuɗin tikitinsu ba, sai ta ƙara kuɗi, ta riƙa cin riba.

Ran 25 ga Yuli 2000 na Air France yana gudu zai tashi daga Faris, ya taka wani guntun ƙarfe da ya faɗo daga jirgin da ya riga shi. Taya ta fashe, ɓallinta ya bugi tankin mai, wuta ta kama, ya faɗa kan wani masauki a Gonesse. Mutum 113 suka mutu, 109 a ciki, 4 a ƙasa. Aka dakatar da jiragen, aka yi wa tankuna rufi, aka sake tayoyi. Suka koma aiki ran 7 ga Nuwamba 2001, watau wata biyu bayan harin 11 ga Satumba, sa'ad da kasuwar hanyar Niyok ta faɗi. Jiragen kuma sun tsufa, kamfanin Airbus mai ba da kayan gyara ya ce ba zai ci gaba ba. Ran 10 ga Afrilu 2003 kamfanonin biyu suka ba da sanarwa rana ɗaya. Air France ta tsaya a ƙarshen Mayu.

Ga yawancin matafiya, ajiye Concorde bai rage musu kome ba, gama ba su taɓa samunsa ba. Waɗanda suka yi hasara 'yan kaɗan ne, masu zuwa Niyok da safe su gama taro su kwana a gidajensu na Landan. Su ma an rarrashe su ta wata hanya, domin tun wajen 2000 aka fara sa kujerun da ke shimfiɗewa su zama gado, mutum ya yi barci a hanya, daga baya kuma intanet ya shiga jirgi. Abin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya shafi tarihin tafiya kansa: jirgin fasinja na yau yana gudu kusan daidai da Boeing 707 na 1958. Jikan wanda ya ƙetare Atilantika a wancan zamani ba ya rigan kakansa isa, sai dai ya biya kuɗi ƙasa da nasa ƙwarai, ya kuma tafi cikin aminci fiye da shi.

Ba a daina gwaji ba. Cikin Janairu 2025 ƙaramin jirgin kamfanin Boom, XB-1, ya wuce sauti a Kalifoniya. A watan Yuni shugaban Amurka ya ba da umarnin a soke dokar nan ta 1973, a Oktoba kuma X-59 na hukumar NASA, wanda aka ƙera don mai da tsawar ta zama ɗan bugu mai taushi, ya yi tashinsa na farko. Waɗannan duka maganar ƙara su ke dubawa. Maganar mai da yawan kujeru, wadda ta kori Pan Am cikin 1973, tana nan inda ta ke, har ta sami ƙari, domin yanzu ana lissafa hayaƙin da kowace kujera ke zubawa a sararin sama.