Asalin Kalma: Hali

Kalmar hali, wadda jam'inta halaye, Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma tushenta a can yana ɗauke da ma'anar juyawa da sauyawa, shi ya sa malaman tasawwufi suke kiran yanayin da Allah Yake saukar wa zuciyar bawa, ba da ƙoƙarinsa ba, da wannan suna. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta yi rassa: akwai halin da ake ciki, akwai mai hali, wato mawadaci, akwai kuma ɗabi'ar mutum, wadda magabata suka ce zanen dutse ce.

To, a nan ne Kiristocin ƙasar Malumfashi da Funtua, waɗanda da yawansu zuriyar Maguzawa ne manoma, suke da magana. Tun da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, masu wa'azi suke kafa hujja da Bitrus, wanda ya musanci Ubangijinsa sau uku saboda tsoro, daga baya ya zama jigon ikilisiya, cewa abin da ya gagari mutum gogewa bai gagari Ruhu Mai Tsarki ba. A ganinsu tuba mafari ce kawai, domin haƙuri da tawali'u da kamun kai a hankali suke nuna, kamar audugar da sai ta sha noma da maimai kafin a kai ta kasuwa.