Baƙin Mai da Lokacin Juye: Tarihin Kula da Inji a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa na jihar Maraɗi suna jere ne a kan babbar hanya ta ɗaya ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Birnin Ƙonni ta nufi Tasawa da Damagaram, kuma Gazawa ce ƙaramarsu a shekaru, domin sai a 2011 aka ɓalle ta daga Agye. A kowane gari da hanyar ta ratsa, tun daga Tibiri har Caduwa, akwai rumfunan kanikawa da ƙasarsu ta rine da baƙin mai, wato man da ake ɗura wa inji don ƙarafansa su riƙa sulɓi maimakon cin juna. Mafi yawan aikin waɗannan rumfuna shi ne juye, wato tsiyaye tsohon mai a zuba sabo, kuma tarihin yadda ake sanin lokacinsa ya bi sawun injinan da suka shigo ƙasar ɗaya bayan ɗaya.

Gyaɗa ce ta kawo inji wannan yanki. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna a Maraɗi, aka riƙa ɗaukar gyaɗar ƙauyuka a kan raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci suka karɓi aikin. A shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta Faransa ta ɓullo da shirin da ta kira Hirondelle, wanda ya karkatar da wani kaso na gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, tafiyar da ta fi ta Kano nisa ƙwarai, sannan a 1962 aka kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikin baki ɗaya. A wancan zamani jigilar tana kankama ne bayan kaka, daidai lokacin da hunturu ke turnuƙe sama da ƙura, a kan hanyoyin burji masu gargada, saboda haka darasin farko da direbobi da yaran mota suka koya shi ne cewa mai yana mutuwa da wuri a lokacin buji, ko da mota ba ta kai nisan da kamfani ya rubuta a littafinta ba. Daga cikin waɗannan yaran mota, da almajiran garejojin Maraɗi da Katsina da Kano, sana'ar kanikanci ta bazu zuwa ƙananan garuruwa.

Shi kansa man ya sauya a tsawon wannan zamani. Tun 1911 ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta fara rarraba mai gwargwadon kaurinsa, kuma daga nan lambobin 40 da 50 da ake gani a jikin galan suka samo asali. Man farko tsurarsa ne, dattin ƙonewa yakan kwanta a gindin inji ya zama laka, har sai daga shekarun 1930 da aka fara garwaya shi da sinadaran wanki masu riƙe kunkunniya a cikin man don kada ta manne wa ƙarfe. A shekarun 1950 kuma aka samu mai irin 20W-50, wanda ba ya daskarewa da sanyin asuba, ba ya kuma tsinkewa da zafin rana. Wannan sauyi ya rage amfanin tsohuwar shaidar launi, domin man zamani a injin dizal yakan yi baƙi ƙirin cikin 'yan sa'o'i alhali da sauran ƙarfinsa, baƙin ma alama ce ta cewa yana kwashe datti yadda ya kamata.

Farin shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 sun durƙusar da wancan ciniki, amma inji ya riga ya sami wurin zama, ya ma ƙara kutsawa cikin ƙauyuka. Injin niƙa mai silinda ɗaya ya ɗauke wa mata wani kaso na daka, ƙananan injinan ban ruwa suka shiga fadamun Gulbin Maraɗi ta wajen Tibiri da Gidan Rumji, janareto kuma ya shiga shaguna. Waɗannan injina a tsaye suke aiki, don haka da sa'o'i ake auna wahalarsu: masu ƙera ƙananan injinan fetur irin Honda suna umartar a yi juyen farko bayan sa'a 20, daga nan kuma duk bayan sa'a 100, yayin da injin dizal na niƙa aka fi sa masa kimanin sa'a 250. Tun da yake babu agogon sa'o'i a jikin yawancinsu, masu su sun koma lissafi da ranakun kasuwa da ganin wata, lissafin da yakan ci amanarsu a lokacin kaka da bukukuwa, sa'ad da inji ke kwana yana ruri cikin ƙurar gari da dusa.

Bayan zamanin manyan motoci da na injinan da ke aiki a tsaye, zamani na uku na babur ne, musamman daga shekarun 2000 da baburan Sin da Indiya masu araha suka cika kasuwa, kabu-kabu ya zama abin dogaron dubban matasa. Injin babur yana ɗaukar mai kimanin lita 1 kacal, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, man ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, kuma da yawansu ba su da matacin mai na takarda sai 'yar raga, wanda ya sa mai ke gajiya a cikinsa fiye da a mota. Ta fuskar samun man kuwa, yankin ya daɗe yana kallon kudu, domin ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa galan-galan ke shigowa tare da fetur ɗin da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe. Matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 fetur da dizal da iskar gas take fitarwa, saboda haka baƙin mai ya ci gaba da zama kayan waje, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar a 1984 da 2019 da 2023, kaya sukan yi wuya, mai abin hawa ya ja lokacin juye ko ya sayi man awo da ba a san asalinsa ba, araha kuwa ba ta ado.

Gogaggen bakanike ba ya yanke hukunci sai ya karanta man da hannunsa. Yakan zaro ƙarfen awo inji na da ɗumi, ya murza ɗigon tsakanin babban yatsa da manuni: in ya ji tsaki-tsaki, yashi ya shiga, in kuma man ya tsinke yana warin fetur, to fetur yana zurarewa ta gefen zoben fistin. In man ya koma launin shayi da madara, ruwan lagireto ya ɓalle ta gasket, kuma ɗigo ɗaya a kan ƙarfe mai zafi zai tabbatar da haka in ya yi tartsatsi. Wasu sukan ɗiga shi a farar takarda su bar shi ya bazu, domin man da ke da sauran rai yakan watsa baƙinsa har gefe, wanda ya mutu kuwa yakan tara shi a tsakiya. Sukan kuma duba noton gindin inji ko ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe.

Abin da yatsa ke laluɓe shi ne ɗakin gwaje-gwaje ke aunawa da lamba. Hanyar ta fara ne a shekarun 1940 a kamfanin jirgin ƙasa na Denver and Rio Grande a Amurka, rundunar ruwan ƙasar ta ɗauke ta a shekarun 1950, daga nan ta yaɗu ga masu manyan motoci da ma'adinai. Ana ƙirga ƙarafan da suka goge cikin mai da ma'aunin kashi cikin miliyan, kowanne kuwa yana nuna inda ya fito: baƙin ƙarfe daga silinda, dalma da jan ƙarfe daga shimfiɗar da sandar inji ke juyawa a kai, sodiyam da fotasiyam daga ruwan sanyaya inji, silikon tare da alminiyam kuma daga ƙurar ƙasa. Ana auna kauri, ana kuma auna ƙarfin kashe tsami, wato sauran sinadarin da ke kare ƙarfe daga asid ɗin da farar wutar cikin dizal ke haifarwa, kuma bisa al'ada ana juye mai in wannan ƙarfi ya ragu zuwa wajen rabinsa. Wannan awo yana da nauyi a Afirka ta Yamma, inda dizal mai yawan farar wuta ya daɗe yana yawo kafin ƙasashen ECOWAS su amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan a 2020. Ƙa'idar masana ita ce sakamako ɗaya ba ya isa hukunci, sai an jera shi da na baya an ga ko lambobin na hawa, an kuma san sa'o'in da man ya yi.

A nan ne raunin sana'ar yake a waɗannan gundumomi, domin kuɗin kai samfuri ɗakin gwaji ya fi kuɗin litar man babur nesa ba kusa ba, agogon kilomita na tsofaffin motoci da yawa ya tsaya, hannun bakanike kuma, duk ƙwarewarsa, abin da ke gabansa yau kaɗai yake ji. Littattafan masu ƙera motoci sun ware abin da suka kira aiki mai tsanani, wato ƙura da zafi da lodi da gajerun tafiye-tafiye, suka ce a rage tazarar juye zuwa wajen rabi, wannan kuwa shi ne halin yau da kullum tsakanin Gidan Rumji da Gazawa. Juye akai-akai ba ya ceton injin da matacin iskarsa ya huje, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙurar da ta wuce matacin za ta ci silinda ko man jiya aka zuba. Yawan juye ba bisa dalili ba shi ma asara ne, ga kuma tsohon man da ake shafa wa azara don gara ko a malalar a ƙasa kusa da rijiyoyi, alhali yana ɗauke da dalma da sinadaran da ke jawo ciwon daji.

Abin da ya rage wa kanikawan yankin su ɗauka daga ɗakin gwaji yana cikin ikonsu, wato ajiye tarihin kowane inji. Littafi guda a rumfa, wanda za a riƙa rubuta ranar juye da irin man da aka zuba da yawan cikon da aka yi da abin da yatsa ya ji, zai ba mai niƙa da ɗan kabu-kabu damar gane cewa inji ya fara shan mai tun watanni kafin ya buga, kuma ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa su ne suka fi cancanta su sa almajiransu su saba da shi.