Sanƙarau a Gaya: abin da bazarar 2015 ta nuna mana

Jama'a, mu da muka tashi a nan Gaya mun san lokacinsa. Hunturu ya bushe hanci, bazara ta shigo da zafinta, sai a ji an kai yaron wane asibiti, wuya ya sandare, ga zazzaɓi da amai. Tsofaffinmu kan ce zafin rana ne, shi ya sa ake hana yara yawon tsakar rana. Suna da ɗan gaskiyarsu: ƙura da busasshiyar iska suna gurje maƙogwaro, su buɗe wa cuta hanya. Amma ƙwayar cutar, daga mutum take zuwa ga mutum.

A 1995 Nijar ta ƙirga mutum sama da 40,000 da suka kamu. A 1996 annobar ta ratsa ƙasashen Sahel, ta ci rai wajen 25,000, Kano ma ta ji jiki. Da allurar MenAfriVac ta zo a 2010, nau'in A da ya daɗe yana yi mana ɓarna ya kusan ɓacewa. To, muka saki jiki.

Ashe wani nau'in, C, ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya bi ta Kebbi. A 2015 sai ga shi a jahar Doso, mu da Dogon Dutsi muna cikin inda abin ya yi tsanani, a Yamai har makarantu aka rufe. Zuwa ƙarshen watan Yuni an lissafa kusan mutum 8,500, sama da 570 sun rasu.

Kar dai mu ɗora wa maƙwabta laifi. Kullum muna kan hanyar Kamba, muna tsallaka gada zuwa Malanbil, su ma suna kwana a gidajenmu. Kuma galibi mai ɗauke da ƙwayar lafiyarsa ƙalau, tana zaune a maƙogwaronsa bai sani ba. Da tari, da atishawa, da kwanan mutum goma a ɗaki guda ƙofa a rufe saboda sanyi, haka take yaɗuwa. Gaisawa a kasuwa ba kasafai take isa ba. Dogon zama kurkusa take so. Wanda ya ɗauka, alamu kan fito masa cikin kwana 2 zuwa 10, kuma tana iya kashe shi cikin kwana guda in ba a kai shi likita ba.

A 2024 Najeriya da Nijar suka fara yin sabuwar allura mai kare nau'i biyar, har da C ɗin nan.