Feshi da Takardar Shaida a Tarihin Noman Lambu na Arewa

Kafin zuwan magungunan kanti, mai lambu a fadamun ƙasar Hausa yana ban ruwa ne da jigo, yana kuma kare shukarsa da toka da jiƙon ganyen darbejiya, kuma da yake fangalin da mutum ɗaya zai iya shayarwa ba shi da yawa, yakan iya bin ganye yana tsince tsutsa da hannu. Abin ya sauya ne daga shekarun 1970, lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka buɗe filayen noman rani na Kadawa, sannan ayyukan bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa wa a Funtuwa da Gusau da Gombe suka baza malaman gona cikin ƙauyuka ɗauke da taki da iri da injin feshi na goyo. Da gonakin tumatir suka faɗaɗa suka haɗe da juna, ƙwari suka sami abinci rani da damina, feshi kuwa ya zama wani ɓangare na aikin kamar ban ruwa.

Magani ya yaɗu, amma iliminsa bai bi shi da irin wannan saurin ba, domin da malaman gona suka yi ƙaranci sai mai shagon magani ya gaje matsayinsu, alhali shi ribarsa tana cikin yawan abin da ya sayar. Ana auna magani da murfin kwalba, ana gauraya iri biyu ko uku a tanki ɗaya, matashin da aka ɗauka aikin feshi kuma yakan shiga gona ba takalmi ba abin rufe hanci. Babbar illar ita ce watsi da kwanakin jira, wato tazarar da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshin ƙarshe da tsinka domin dafin ya ragu, saboda idan farashi ya tashi a kasuwar Kwanar Gafan kuma motar Legas tana jira, da wuya manomi ya bar nunannen tumatir ya ƙara mako guda. A 2016 ƙwaron da manoma ke kira sharon, wanda tsutsarsa ke shigewa cikin ganye inda magani ba ya isa sosai, ya cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, da yawa kuma suka mayar da martani da ninka feshi, abin da ke ƙara wa ƙwaron juriya.

Tsarin takardar shaida kuwa daga wajen mai saye ya taso. A 1997 manyan kantunan Turai suka kafa EurepGAP, wanda ya koma GLOBALG.A.P. a 2007, inda ake bukatar manomi ya rubuta sunan kowane magani da adadinsa da ranar fesa shi, mai bincike kuma ya zo duk shekara ya tabbatar. Ƙananan manoman kayan lambu na Kenya sun shiga ne ta hanyar haɗuwa a ƙungiya su raba kuɗin binciken. Najeriya, duk da cewa hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke yi wa magunguna rajista, ta ɗanɗana kuɗar rashin wannan tsari a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenta saboda ragowar dikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya.

Abin takaici shi ne, duk wannan kulawa ta tsaya a kan kayan da za su ƙetare teku, alhali latas da kabejin da ake ci ɗanye a Kano da Zariya babu mai tambayar ranar da aka fesa su. Muddin dillali a kasuwar 'Yankaba yana biyan kuɗi ɗaya ga kwandon da aka jira da wanda ba a jira ba, manomi mai kiyaye ƙa'ida shi ne ke asara, don haka gyaran ya rataya ne a wuyan manyan masu saye na cikin gida da ƙungiyoyin manoma, su amince da shaida mai sauƙi, a rubuce da Hausa, wadda za ta ƙara wa kwandon mai ita daraja.