Daga Kakalaba Zuwa Kasuwar Wuse: Tarihin Binciken Fahimtar Jama'a Kan Sauyin Yanayi

Duk wanda ya shiga Kasuwar Wuse ta Abuja da hantsi, ya tsaya wajen masu kayan gwari, zai ji ana hirar ruwa da zafi. Albasa ta yi tsada domin ambaliya ta cinye fadama, tumatir ya yi ƙaranci domin zafi ya ƙone shi tun yana fure. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar nan daga Kano da Katsina da Sakkwato suka fito, kuma kiran waya ɗaya zuwa gida ya ishe su sanin ko an yi shuka ko ana jiran ruwa. Ba da nisa ba, a ɗakunan taro na otal-otal ɗin Wuse, jami'ai da ƙungiyoyi kan zauna su tattauna da Turanci kan yadda za a wayar da kan jama'a game da sauyin yanayi. Tsakanin rumfar kasuwa da ɗakin taro akwai tarihin bincike na kusan shekara hamsin, kuma ya kamata mu san shi.

Tun kafin wani mai bincike ya zo da takardar tambayoyi, Bahaushe yana adana tarihin fari a cikin sunaye. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, wadda ta hallaka dubban mutane a ƙasar Kano da kewaye. A Nijar, yunwar 1984 ta samu suna El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe kan iyaka. Da irin waɗannan sunaye tsofaffi ke lissafin shekarun haihuwa da aure.

Farin 1972 zuwa 1974 shi ya jawo hankalin malaman jami'a zuwa ƙauyuka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe fiye da shekara goma yana komawa Dagaceri, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa, yana bin yadda magidanta ke tsira ta hanyar cin rani da sayar da dabbobi da sana'ar hannu. Littafinsa kan haka ya fito a 1989. Michael Watts kuwa ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1970, kuma littafinsa na 1983 ya nuna cewa haraji da bashi da kasuwar da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa sun raunana rumbun talaka, har ƙaramin fari ya kan zama babbar yunwa. Dukkansu biyu sun zauna ƙarƙashin bishiya sun saurari manomi, sun ɗauke shi a matsayin masani.

Daga baya maganar ta koma ta duniya baki ɗaya. A 1988 aka kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa kan sauyin yanayi. A 1992 aka buɗe sanya hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Riyo na Brazil, wadda sashenta na 6 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin ilmantar da jama'arta. 'Yan jarida da masu fassara labarai a gidajen rediyo suka tsayar da kalmomin "sauyin yanayi" da "ɗumamar yanayi". A nan wata matsala ta kunno kai. Kalmar yanayi tana da faɗi a Hausa: akwai yanayin gari, yanayin jiki, yanayin kasuwa, yanayin rayuwa. Mai sauraro yana iya ɗauka cewa ana nufin fitar damina da shigowar hunturu, abin da ya saba gani kowace shekara.

Ƙidayar farko mai faɗi ita ce ta kamfanin Gallup a 2007 da 2008. Da masana suka nazarci amsoshin ƙasashe 119, suka wallafa a 2015 cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba su taɓa jin batun ba, kuma ilimin makaranta shi ne babban abin da ke bambanta wanda ya ji da wanda bai ji ba.

A 2010 sashen ayyukan raya al'umma na BBC, tare da British Council, ya fitar da sakamakon wani bincike mai suna Africa Talks Climate, wanda aka yi a ƙasashe 10 har da Najeriya. An tattauna da mutane fiye da 1,000 da shugabannin al'umma kusan 200. Abin da aka gano yana da nauyi. Mutane sun ga canjin da idonsu: damina ta rikice, amfanin gona ya ragu. Amma da aka tambaye su dalili, sai su ɗora laifin a kansu, su ambaci sare itatuwa da ƙona daji, ko su ce hukuncin Allah ne. Kaɗan ne suka ambaci hayaƙin masana'antu da motocin ƙasashe masu arziki, alhali nahiyar Afirka duka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Binciken ya kuma tabbatar da cewa kalmomin kimiyyar ba su zauna da gindinsu a harsunan gida ba.

Sai zamanin alƙaluma ya zo. Cibiyar Afrobarometer ta tambayi mutane a ƙasashe 34 tsakanin 2016 da 2018, ta samu kashi 58 cikin ɗari sun taɓa jin batun. A 2021 Nicholas Simpson na Jami'ar Cape Town da abokan aikinsa suka sake tace waɗannan amsoshi, suna neman wanda ya ji batun kuma ya san akwai hannun ɗan Adam a ciki. Matsakaicin ƙasashe 33 ya tsaya a kashi 37. A cikin Najeriya, Jihar Kwara ta samu kashi 71, Jihar Kano kashi 5. Mata sun kasance a bayan maza a kusan ko'ina. A watan Maris na 2022 kamfanin NOIPolls da ke Abuja ya gudanar wa Afrobarometer sabon zagaye da mutane 1,600, aka samu uku cikin goma ne kawai suka ce sun ji labarin sauyin yanayi. Watanni kaɗan bayan haka ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Kashi 5 ɗin nan na Kano yana buƙatar a karanta shi da adalci. Jikokin mutanen da suka raɗa wa Kakalaba suna sun san fari, sun san ambaliya, sun san kwararowar hamada. Abin da bai iso gare su ba shi ne bayanin musabbabi da harshen da suke tunani da shi. Wannan gibi yana da illa ta zahiri, domin wanda ya ɗauka cewa ruwan bana ya saɓa ne kawai zai jira baɗi ta gyaru, wanda kuwa ya san canjin mai ɗorewa ne zai nemi iri mai saurin nuna, ya janye gininsa daga hanyar ruwa, ya kuma tambayi hukuma haƙƙinsa.

An ɗan motsa. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Buhari ya sanya hannu kan dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da batun. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ta fara fassara shi zuwa Hausa da sauran manyan harsuna. Amma darasi mafi ƙarfi yana Maraɗi ta Nijar. A shekarun 1980 wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi har ya zama bishiya. Aka kira dabarar sassaben zamani, suna mai tushe a cikin aikin da kowane manomi ya gada. Daga baki zuwa baki ta bazu, har aka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Masu bincike sun yi nasu, sun nuna inda gibin yake. Ya rage ga masu zama a ɗakunan taron Wuse su fito su taka zuwa kasuwa, su fara da sauraro. A kai bayanin gidan rediyo da masallaci da makarantar Islamiyya da ƙungiyoyin mata, da Hausa mai kama hankali, a haɗa shi da koyarwar addini cewa an ba ɗan Adam amanar ƙasa. Mai albasa da ke Kasuwar Wuse yana magana da ƙauyensu kullum. In ya fahimta yau, kafin faɗuwar rana mutanen gida sun ji.